Ta Yaya Za a Gane Ko BIM Ya Biya Kuɗinsa a Aikin Gini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne a wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Mun jima muna biyan lasisin Revit, manhajar da muke aikin BIM da ita, mun tura yaranmu horo, mun sayi kwamfutoci masu ƙarfi. Yanzu maigidanmu ya ce in kawo masa a rubuce abin da BIM ya jawo mana, in ba haka ba a koma AutoCAD, manhajar zanen layi, kamar da. Na duba intanet na ga wasu na cewa yana rage kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, wasu ma kashi 20. In kai masa waɗannan alƙaluma ne, ko akwai yadda zan auna namu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kada ka kai masa alƙaluman intanet. Maigidanka ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya zai yi maka: ina kashi 20 ɗin ya shiga a asusun kamfani? Ba za ka iya nuna masa ba, daga ranar kuma duk abin da ka faɗa kan BIM zai ɗauke shi zancen 'yan talla. Ana iya aunawa, amma lambar da za ta fito ƙarama ce, kuma sai ka yi gumi kafin ka same ta.

Saboda masu karatun da ba sana'arsu ba ce, BIM shi ne a gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta tun kafin a sa diga a ƙasa. Bango a ciki ba layi biyu ba ne kamar na zanen takarda, yana ɗauke da kaurinsa da tsayinsa da irin bulon da za a jera masa. Mai zanen gini da injiniyan rodi da kankare da na wuta da na ruwa, kowa ya kawo samfurinsa a haɗa wuri guda, daga nan ake ciro zane, a ciro yawan kaya, a tsara wane aiki ne zai riga wane.

Kafin ka auna komai, ka tabbatar abin da kuke yi ke nan. Ofisoshi da yawa a nan suna buɗe Revit ne su fitar da hoton gini mai sheƙi don mai aiki ya gani ya sa hannu, sannan su mayar da komai AutoCAD a ci gaba kamar yadda aka saba. Injiniyan kankare yana can da zanensa, mai ƙididdigar kaya yana awo da rula a kan takarda, mai aikin famfo sai an zuba dekin yake zuwa. In haka ne naku, babu abin aunawa, kuma maigidanka yana da gaskiya.

In kuwa da gaske kuke haɗa samfuri, to wahalar lissafin ita ce ribar BIM yawanci asara ce da ba ta auku ba. Kamar albashin maigadi ne: daren da ɓarawo ya leƙo ya gan shi ya juya, babu littafin da ake rubuta shi. Dekin da ba a fasa ba, tayil ɗin da ba a ɓamɓare ba, satin da leburori ba su zauna jiran amsar injiniya ba, duk babu rasit ɗinsu. Kuma ba a gina gini ɗaya sau biyu, ɗaya da BIM ɗaya babu, balle a ɗora su a sikeli. Duk wanda ya ba ka lamba, to ƙiyasi ya yi na abin da zai faru da ba a yi amfani da shi ba, kuma a wurin wannan ƙiyasin ake yin coge.

Akwai misali ɗaya da nake so ka riƙe, domin ya nuna abin a fili. Kamfanin Holder Construction ya gina otal ɗin Hilton kusa da gidan kifaye na Atlanta a Amurka, aikin dala miliyan 46. Aikin BIM ya ci dala dubu 90. Kafin a fara kafa kaya, samfurin ya gano wurare 590 da kaya ke cin karo da juna, bututu da ƙarfe, bututun iska da silin da sauransu. Da aka kimanta abin da gyaran kowanne zai ci a wurin aiki, jimla ta kai kusan dala dubu 800. Ka cire dubu 90 ka raba saura da dubu 90 ɗin, ribar ta doshi kashi 790 cikin 100. Amma Salman Azhar na jami'ar Auburn, da ya wallafa nazarin a 2011, bai tsaya nan ba. An ɗauka cewa kashi 75 cikin 100 na waɗannan wurare da ma ƙwararru za su gano su ta tsohuwar hanya, ta ɗora zane kan zane. Sai lambar ta sauko zuwa kimanin dala dubu 200, ribar ta dawo wajen kashi 120. Aiki ɗaya, takardu ɗaya, zato guda kawai aka canza. Kashi 75 ɗin ma ba awo ba ne, taka-tsantsan ne na masu lissafin. Kuma ka lura, dala dubu 200 a aikin miliyan 46 bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Riba ce babba a kan abin da aka kashe wa BIM, ƙarama a kan kuɗin ginin. Masu talla na farkon suke faɗa, maigidanka kuma na biyun yake ji.

Shi ya sa ba na yarda da rahoton da ke alfahari da yawan karon da aka gano. Wanda ya taɓa zama gaban Navisworks, manhajar gano karo, ranar da aka fara haɗa samfurori ya san abin da nake nufi. Ka danna, lamba ta fito dubbai, allo ya cika da ja da kore. Ka fara bi ɗaya bayan ɗaya sai ka ga bututun ruwa guda da ya ratsa dogon koridor an ƙirga shi sau talatin, domin ya taɓa ƙarfen silin talatin. Wani fitila ce ta shiga bango da kaurin ɗan yatsa, abin da mai wayarin zai matsar ba tare da ya tambayi kowa ba. Wani kuma kuskuren mai zana samfurin ne, a ginin gaske ba zai taɓa faruwa ba. In an tace, abin da zai rage ɗan kaɗan ne, amma a cikinsa za ka tarar da irin bututun bayi na hawa na biyu da ya faɗo daidai kan ginshiƙin kwance da ke tallabe da dekin. Wannan guda ɗaya, in ya kai wurin aiki, ga abin da ke biyo baya: mai aikin famfo ya kira foman, foman ya kira ka, kai ka rubuta wa injiniyan kankare, ya yi kwanaki bai amsa ba, masu filasta suna zaune ana biyansu. Ƙarshe ko a saukar da silin ɗakin ƙasa a ɓoye bututun, ko a sauya wurin bayin bayan an jera bulo. Mafi muni, wani ya ɗauko guduma da kurfi da yamma bayan ka tashi, ya huda kankaren, ya yanke rodi biyu, ya shafe da siminti. Irin waɗannan kaɗai za ka sa wa farashi, kowanne da kansa: awannin ma'aikata, kayan da za a zubar, kwanakin da za a rasa. Sannan ka zauna da tsohon foman ɗinku ka tambaye shi tsakani da Allah wanne zai gano da idonsa tun a takarda, ka cire su.

Kashi 10 da ka gani a intanet ya samo asali ne daga wani nazari na cibiyar CIFE ta jami'ar Stanford a 2007 kan manyan ayyuka 32. Abin da ake ɗaukowa daga ciki shi ne ragin da ya kai "har zuwa" kashi 10 na kuɗin kwangila, da har zuwa kashi 7 na lokacin aiki. Wato mafi kyawun abin da aka gani, ba matsakaici ba. Masu kwafa sukan yar da "har zuwa" ɗin a hanya.

Kashi 20 kuma daga Birtaniya ya fito. A watan Mayun 2011 gwamnatinta ta fitar da tsarin gine-gine da ya wajabta BIM mataki na 2, wato kowane ɓangare ya yi samfurinsa a riƙa haɗa su, a duk ayyukan gwamnatin tsakiya zuwa 2016, da burin rage kuɗin gini har kashi 20. Ɗaya daga ayyukan gwaji shi ne ginin da aka ƙara a gidan gyaran hali na matasa na Cookham Wood a yankin Kent, kuma an ba da rahoton ragin kashi 20 a can. Sai dai a aikin an shigo da ɗan kwangila tun ana zane, an buɗe littafin farashi tsakaninsa da ma'aikatar shari'a, masu ƙananan kwangila sun kawo shawarwarinsu da wuri. Nawa ne na BIM a cikin ragin, nawa ne na sabon salon kwangilar? Babu wuƙar da za ta raba su.

Lissafin da na fi amincewa da shi shi ne wanda kamfanin PwC ya fitar a 2018 don hukumomin Birtaniya, saboda ya bi kowace riba daga tushenta har inda ta zama kuɗi. An gwada shi a ayyuka biyu: gyaran ofishin ma'aikatar lafiya da ke lamba 39 a titin Victoria a Landan, da inganta shingen ambaliya na kogin Foss a birnin York. Na farko ya ba da ragin kashi 3 cikin 100, na biyu kashi 1.5, na kuɗin da abin zai ci tsawon rayuwarsa, ba na gini kaɗai ba. Kuma kaso mafi girma an hango shi ne bayan an gama aiki, lokacin kula da ginin. Wannan ya yi daidai da abin da hukumar NIST ta Amurka ta gano tun 2004, cewa rashin jituwar bayanai tsakanin masu zane da masu gini da masu kula yana cin dala biliyan 15.8 a shekara a manyan gine-ginen ƙasar, kuma kusan kashi biyu bisa uku a kan masu ginin da masu gudanar da shi yake faɗawa.

Kada kuma ka kwatanta kasafin farko da kuɗin ƙarshe ka ce ga sakamakon BIM. Layin dogo na Crossrail a Landan yana cikin ayyukan da aka fi yaba wa wajen tsara bayanai a kwamfuta. An shirya buɗe shi a Disambar 2018 kan fam biliyan 14.8, bai buɗe ba sai Mayun 2022, kuɗin ya doshi biliyan 19. Haɗa na'urorin sigina da manhajar jirage da tashoshin da ba a kammala ba su suka riƙe shi. Wanda ya ce BIM ya gaza a can bai fi wanda ya ce shi ya ceci Cookham Wood gaskiya ba.

To yanzu naku. Ka fara da ɗakin ajiyar fayil, ba da kwamfuta ba. Ka ciro ayyuka uku ko huɗu da kuka gama kafin BIM waɗanda suka yi kama da na yanzu a girma da nau'i. In kuna gina abin da ake maimaitawa, kamar ajujuwa ko ɗakunan kwanan ɗalibai ko rukunin gidaje masu zane ɗaya, to kun yi sa'a, domin wannan ne mafi kusa da gina gini ɗaya sau biyu. Haka masu bincike Barlish da Sullivan na jami'ar jihar Arizona suka yi a 2012, suka kwatanta ayyukan kamfani ɗaya masu BIM da marasa shi, suka tarar kuɗin zane ya hau, na gini da sauye-sauye ya sauka. Ka sa ran ganin haka a naku, kuma ka gaya wa maigida tun da wuri, don kada ya ga kuɗin ofis ya ƙaru ya yanke hukunci.

Daga kowane fayil ka fitar da takardun neman bayani da wurin aiki ya aika wa masu zane, da kwanakin da kowace ta yi kafin a amsa. Ka fitar da duk bariyeshan, wato sauyi ko ƙarin aiki da ya shigo bayan sa hannu a kwangila, amma ka rarraba su bisa dalili, kuma a nan ne aikin yake. Alhaji ya zo ya ga falo ya yi masa kaɗan ya ce a ture bango, wannan ba ruwan BIM. An haƙa an tarar da dutse ko ruwa, ba ruwansa. Gwamnati ta yi wata shida ba ta biya satifiket ba aiki ya tsaya, ba ruwansa. Waɗanda suka fito daga kuskuren zane, ko saɓani tsakanin zanen wannan da na wancan, ko abin da aka manta ba a sa a BOQ (takardar jerin kayan aiki da yawansu da farashinsu) ba, su kaɗai ne abin kwatantawa. Yawancin kamfanoninmu ba sa rubuta dalili, sai dai "ƙarin aiki", don haka za ka sha zama da waɗanda suka yi aikin suna tuno maka. Sannan aikin da aka rushe aka sake, wanda shi ne mafi tsada kuma mafi wuyar samu, domin babu foman ɗin da ke son rubuta cewa an fasa abin da aka gina a gabansa. Daga yau ka buɗe masa shafi a littafin wurin aiki, kuma ka tabbatar wa mutanenka ba don a hukunta kowa ba ne, in ba haka ba shafin zai zauna fari fat.

Wani abu da littattafan waje ba za su gaya maka ba: kada ka yi kwatancen da naira. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti kuma ya wuce naira dubu 10 a wurare da dama a Fabrairun shekarar. Aikin 2022 da na 2024 ba sa haɗuwa a naira, hauhawar farashi za ta haɗiye duk wani kashi 2 ko 3 ba tare da ka gan shi ba. Ka yi lissafi da kaya: tan nawa na rodi BOQ ta ce, nawa aka saya, nawa ya rage guntaye, buhu nawa, bulo nawa, tayil murabba'in mita nawa. Bariyeshan kuma ka mayar da shi kaso na kuɗin kwangilar. A ganina ma, a yanayinmu, sanin yawan kaya daidai tun farko ya fi gano karo daraja, domin wanda ya sayi rodinsa gaba ɗaya da kuɗin somin aiki ya tsira daga farashin wata huɗu masu zuwa, wanda ya gano ya gaza da tan biyar a hawa na uku kuwa sai ya saya a farashin ranar. Amma ka duba samfurin da kyau kafin ka dogara da lambarsa: in ba a zana rodi da haɗinsa a ciki ba, ba zai ba ka su ba.

Ɓangaren kashewa kuma kada ka rage komai, domin maigida ya fi ka saninsa. Lasisin Revit na mutum ɗaya yana kusa da dala dubu 3 a shekara, kuma da dala ake biya. Ga kwamfutoci, ga intanet, ga man janareto ko sola da zai riƙe su. Ga horo, da watannin da yaran suka yi suna aiki a hankali kafin hannunsu ya faɗa. Ga albashin wanda ke haɗa samfurori, da awannin taron daidaitawa. Akwai kuma wanda ba a so a faɗa: yaron da kuka horar ya ƙware, wani kamfani a Abuja ko Dubai ya ɗauke shi. Abin da aka saya sau ɗaya ka raba shi a kan ayyukan shekara uku, kada ka jibga wa aikin farko. Aikin farko da ma kusan kullum faɗuwa yake nunawa.

Saura tambayar da ta fi duka nauyi, wadda nake zaton ita ce a zuciyar maigidanka ko bai furta ba: ribar aljihun wa take shiga? Patrick MacLeamy na kamfanin HOK ya shahara da zanen da ke nuna cewa gyara yana da arha a farkon zane, yana tsada yayin da aiki ke nisa, don haka a jawo wahalar gaba. Gaskiya ne, amma mai zane ne ke ɗaukar wahalar, wanda ya mallaki ginin ne ke cin moriyar. Ku kuma 'yan kwangila kuna tsakiya, kuma irin kwangilar ce ke nuna inda kuka faɗa. In kwangilar dunƙulallen farashi ce, ko ku ke zane ku ke gini, ko gidajen kanku kuke ginawa ku sayar, duk kuskuren da aka kauce wa kuɗinku ne. In kuwa aikin gwamnati ne da aka bayar bisa dokar sayen kaya ta 2007, inda aka gama zane a wani ofis sannan aka ba wanda farashinsa ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cancanta, to mu faɗa wa juna gaskiya, akwai 'yan kwangilar da ke karya farashi su shiga da niyyar farfaɗowa ta bariyeshan. Ga irin wannan, samfurin da ke kashe bariyeshan abincinsa yake ragewa. Saboda haka ka raba rahotonka gida biyu, ayyukan da kuskure ke kanku da waɗanda ke kan mai aiki. Zai yiwu ka tarar BIM yana biya sosai a kashi na farko, a na biyu kuma sai an sa kuɗinsa a cikin kwangilar. Zai yiwu kuma ka tarar a ƙaramin gida mai hawa ɗaya bai cancanci wahalar ba, amma a asibiti ko otal, inda bututun ruwa da na iska da wayoyi ke cunkushe a saman silin, ya ninka kuɗinsa. In haka ta fito, haka za ka rubuta.

Ribar bayan miƙa makulli, wadda PwC ta ce ita ce babba, kada ka sa ta a lissafin kamfaninku. Ta mai ginin ce, kuma ba ta samuwa sai yana da ma'aikatan da za su buɗe bayanan su yi aiki da su, su san wane famfo aka sa a wane hawa da ranar da garantinsa zai ƙare. In samfurin zai ƙare a filashi cikin durowar darakta, ribar sifili ce. Amma in kuna da mai aiki irin banki ko asibiti mai sashen kula da gini na gaske, wannan abin sayarwa ne: a rubuta tun a kwangila irin bayanan da za a miƙa, bisa tsarin ISO 19650, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tsara bayanan gini da ta fito a 2018, a sa masa farashinsa daban.

Abin da za ka kai wa maigida shafi biyu ya isa. Na farko, abin da aka kashe, da tsofaffin ayyuka a gefen sababbi, da lamba biyu ga kowace riba: wadda ka tabbatar da takarda, da wadda ka ƙiyasta, tare da zaton da ka gina ta a kai don ya iya musantawa. Na biyu, abubuwa uku ko huɗu da za a riƙa rubutawa a aiki na gaba tun ranar farko, da sunan wanda zai rubuta kowanne. In tsofaffin fayilolin sun ɓace ko babu dalilai a ciki, ka gaya masa haka kai tsaye, ka nemi ya bar lasisi biyu ko uku na shekara guda a kan aikin da ya fi cunkoson bututu da wayoyi, wani aikin mai kama da shi kuma a yi shi ta tsohuwar hanya, a riƙe littafi iri ɗaya a duka biyun.